Yadda Za Ki Ƙawata Wurin Biki da Kanki Ba Tare da Cin Bashi Ba

Duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin biki ta san yadda suke zurarewa. Kayan ɗaki su ci nasu, abinci ya ci nasa, anko da tela da mai kwalliya kowa ya yagi rabonsa, sai ana saura mako uku wata ta ce, "Af, wai wa zai yi mana adon wuri?" A kira masu dekoreshin, su faɗi kuɗin da zai sa uwar amarya ta dafe ƙirji. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ce, kayan da suke zubawa ma da kuɗi suka saye su. Amma in taronku na mutum 100 ne ko 200, walima ce ko kamu ko 'yar liyafa a tsakar gida, ko harabar makaranta, ko ƙaramin ɗakin taro, ke da 'yan'uwa huɗu ko biyar kun isa ku fita kunyar jama'a.

Abin da za ki riƙe tun farko shi ne, idon baƙo wuri uku yake sauka: inda amarya ta zauna, ƙofar da ya shigo ta ciki, da hasken wurin. Hoton da zai yi yawo a WhatsApp bayan biki ma a nan ake ɗaukarsa. To can za ki zuba kuɗi da ƙarfi. Sauran wuri tsabta kawai yake so da jeri mai kyau. Masu son sai sun ɗaura wa kowace kujera da kowane ginshiƙi ƙyalle da ɗan abin da ke hannunsu, su ne ke ƙarewa da ado ko'ina amma babu inda ya yi kyau.

Mataki na farko: ki je wurin da ƙafarki

Kada ki sayi ko fil ɗaya kafin ki ga wurin. Ki je da tef ɗin awo da biro da takarda, kuma ki je a daidai lokacin da za a yi taron. In bayan la'asar ne, ki je bayan la'asar, ki ga inda rana take faɗawa da inda inuwa take. Amarya ba ta zama rana na bayanta, don fuskarta za ta yi duhu a hoto, ba ta kuma zama rana na dukan idonta, don za ta yi ta yamutsa fuska kwalliya na narkewa. Ki nemi bangon da rana za ta zo mata ta gefe, ko wanda ke cikin inuwa gaba ɗaya.

Ki auna faɗin bangon da tsayinsa, ki ƙirga soket, ki duba inda za a ajiye janareta da inda banɗaki yake. In ɗakin taro ne na haya, ki tambayi mai kula da shi ƙarfe nawa zai buɗe muku, ko akwai wani taro kafin naku, ko ya yarda a buga ƙusa ko a manna abu a bango, da kuma kujeru da tebura nawa ne a cikin kuɗin da aka biya. Da yawansu ba sa yarda da ƙusa, shi ya sa adon da za mu haɗa a ƙasa yake tsayawa da ƙafarsa.

Ki kuma dubi wata. Da damina iskar da ke zuwa kafin ruwa ta fi ruwan ɓarna, ita ke kifar da rumfa. Da hunturu ƙura ce, farin yadin da aka shimfiɗa da safe kafin azahar ya zama ruwan ƙasa. Da bazara kuwa ki manta da balan-balan a waje, rana tana fasa su kafin baƙi su iso. In bikin ya faɗo cikin Sha'aban, ko bayan Sallah, ko a Disamba, ki kama kujeru da rumfa da wuri ki ba da kafin alƙalami, don lokacin kowa aure yake yi.

Mataki na biyu: aro, haya, saye

Ki ware kuɗin ado daban, ban da na hayar kujeru da rumfa, ki raba shi goma a takarda. Ni shawarata, kashi huɗu su tafi labulen baya da wurin zaman amarya, biyu haske, biyu tebura da ƙofa, ɗaya kuɗin mota da abincin masu taya aiki, ɗaya kuma ki ɓoye shi kada ki gaya wa kowa yana nan. Ranar biki za ki ga amfaninsa.

Daga nan ki rubuta duk abin da ake bukata, ki fara da tambayar wanne ne ke akwai a dangi. Kafet mai kyau, kujera mai zaman mutum biyu, tim-tim, manyan tire, madubi, tukwanen fulawa masu rai da ke barandar wata, fitilar caji, duk waɗannan suna gidajen 'yan'uwa. Aro kuma yana da ladabinsa. Ba a aika yaro da saƙon baki, ke za ki je ki gaishe ta ki ce, "Gwaggo, kafet ɗin nan naki na falo muke so ki ara mana ranar Asabar, ni zan ɗauka da hannuna, Lahadi da safe in dawo miki da shi a share." Ki kuma cika. Duk abin da kika aro ki rubuta shi a littafi, ki ɗiga masa alama da jan farce a ƙarƙashi, kowane gida da launinsa, don tire da tire suna kama.

Abin da ba za a sake amfani da shi ba, kamar rigunan tebur da farantai masu yawa, haya ya fi. Abin saye kaɗan ne, kuma ki sayi wanda zai yi amfani bayan biki. In a Kano kike, yadi yana Kantin Kwari, faifai da tabarma da ƙwarya da mafici suna Kasuwar Kurmi, robobi da zare suna Ƙofar Wambai, fayif da siminti suna Ƙofar Ruwa. A Kaduna akwai Kasuwar Barci don yadi da labulen gwanjo, da Panteka in ƙarfe kike so a lanƙwasa miki. Kada ki raina labulen gwanjo. Dogaye farare guda huɗu iri ɗaya, in aka wanke aka goge, babu mai cewa ba sababbi ba ne.

Mataki na uku: launi biyu

Launi biyu, sai ɗan ɗigon na uku. Ɗaya mai sanyi wanda zai cika wuri, fari ko ruwan madara ko ruwan toka mai haske. Ɗaya mai ƙarfi wanda za a sa kaɗan, ruwan hanta ko shuɗi mai duhu ko kore ko ruwan goro. Na ukun yawanci ruwan gwal ne, a bakin abu kawai.

Kafin ki yanke, ki ga kayan da amarya za ta sa da kuma ankon ƙawaye. In amarya za ta sa fari, labulen bayanta kada ya zama fari fat, za ta ɓace a ciki. In anko mai hayaniyar zane ne, wuri ya yi shiru. Ki yanki ɗan ƙyallen kayan amarya daga wurin tela ki sa a jaka, duk shagon da kika shiga ki kara shi da yadin a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba.

Mataki na huɗu: labulen bayan amarya

Nan ne aikin yake, don haka bari mu bi shi a hankali. Za mu yi firam mai tsayin ƙafa 8 da faɗin ƙafa 10, wanda ya ishi kujerar mutum biyu da 'yan'uwa biyar ko shida a tsaye ana hoto.

Ki sayi fayif ɗin roba na ruwa mai inci ɗaya da rabi, mai kaurin jiki, ba siririn da ake zura wayar wuta ba. A yanka miki guda uku masu ƙafa 8, su ne ƙafafu, da guda biyu masu ƙafa 5, su ne na sama. Ki haɗa da elbo biyu na kusurwa, wato mahaɗar fayif mai lanƙwasa, da ti ɗaya na tsakiya, wato mahaɗa mai baki uku. Dalilin ƙafar tsakiya shi ne, fayif ɗin roba mai ƙafa 10 ba ya ɗaukar nauyin yadi, sai ya yi ciki a tsakiya, labule ya taru wuri ɗaya. Sannan a yanka miki gajeru uku masu ƙafa ɗaya da rabi daga fayif mai inci 2. Tun a shagon ki gwada ki tabbatar ƙaramin yana shiga cikin babban.

Ki nemo tsofaffin bokitan fenti uku, manya. Ki toshe gindin kowane gajeren fayif da leda, ki tsayar da shi a tsakiyar bokiti, a kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa a zuba har rabi. Rabi ya isa, in aka cika ba ya ɗaguwa. Kafin ya kama ki duba fayif ɗin ta gaba da ta gefe ki tabbatar a miƙe yake, don in ya bushe a karkace haka firam ɗin zai tsaya a karkace. A ba shi kwana uku. Ranar aiki sai a zura ƙafafu a cikin bokitai, a ɗora na sama. Kada a sa gam a mahaɗa ko ɗaya, don a iya warwarewa a sa a A-daidaita-sahu. In babu halin siminti, bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi yana riƙewa a cikin ɗaki, amma ban da waje.

Lissafin yadi kuwa ga shi. Labule ba ya kyau sai da tattara, tattara kuma tana cin ninki biyu na faɗi. Ƙafa 10 inci 120 ne, ninki biyu 240. Yawancin satin da shifon faɗinsu inci 60 ne, ke nan falle huɗu, biyu a kowane ɓangare. Kowane falle yadi 3, don ƙafa 8 bai kai yadi 3 ba, rarar ta ishi ɗinkin sama da ɗan abin da zai kwanta a ƙasa ya rufe bokiti. Jimla yadi 12. In yadin da kika samu bai kai inci 60 ba, ki ƙara falle. A Kwari ki faɗa wa mai shago adadin tun farko: "Alhaji, yadi goma sha biyu zan ɗauka daga bandir ɗaya, nawa za ka bar min?" Bandir ɗaya ɗin yana da muhimmanci, don launi ɗaya daga bandir biyu yakan ɗan bambanta, a hoto kuma sai ya fito.

Ki kai wa tela ya yi wa saman kowane falle ƙubaka irin ta wando, mai faɗin inci 4, wadda fayif zai ratsa. Ɗinki ne miƙaƙƙe, ko mai koyo zai iya. A zura yadin a fayif ɗin sama kafin a ɗaga shi. Bayan an tsayar, mutum ɗaya ya hau kujera yana gyara tattara, wata ta koma can nesa tana cewa "matsa dama, ya isa." Inda ti ɗin tsakiya ya leƙo, a jawo fallayen biyu a haɗa da fil ta baya.

In kuɗi ya rage, ki ƙara shifon yadi 6 mai launi na biyu, a rataya shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya yi lilo a tsakiya, jelarsa ta sauko ta gefe. Wannan ba ya bukatar ɗinki, igiyar roba mai kulle kanta da masu wayarin suke ɗaure waya da ita ta wadatar. A goge yadi tun daren jiya a naɗe shi a jikin fayif, kada a ninke. Yadi mai arha da aka goge ya fi mai tsada da ya yamutse.

In a waje ne, firam ɗin ya jingina da bango, a kuma ɗaure samansa da igiya a jikin taga ko ginshiƙi. Labule mai faɗin ƙafa 10 in iska ta cika shi ba bokitin da zai riƙe shi, kuma kan amarya zai faɗo.

Mataki na biyar: wurin zama

Kujerar falon gidanku mai zaman mutum biyu ta isa in tana da kyan gani. In ta tsufa a lulluɓe ta da yadi mai kauri, karan-miski ya fi, a tura rarar cikin lunguna a kama da fil ta baya, ban da inda za a zauna. A shimfiɗa kafet a ƙasa wanda ya fi kujerar faɗi. A bar tazarar taku ɗaya tsakanin kujera da labule. Dandamali ba dole ba ne, amma in jama'a na da yawa kafinta zai iya haɗa mai tsayin inci 8, wanda ya isa na baya su hango. Babban mutum ya hau ya yi tsalle a kai kafin ki karɓa.

In kamu ne ko sa lalle, to kin huta, don adon gargajiya ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi dacewa. Tabarmar kaba sabuwa a maimakon satin, ko zane saƙi, ko rinin shuni irin na karofin Ƙofar Mata. A jikinsa a ɗinke faya-fayai masu launi, manya da ƙanana, a tattare a gefe ɗaya suna hawa sama, ba a jere a layi ba. A ƙasa darduma da tim-tim, a gefe tulu da ƙorai da akushi da ludayi, ƙwaryar lalle a gaba. Ƙwarya in aka shafa mata ɗan man gyaɗa da tsumma sai ta yi sheƙi. A nan ma a yi hankali, kada a kwaso duk kayan ɗakin kaka a jibge. Guda bakwai ko takwas masu kyau sun fi talatin.

Mataki na shida: fure da ganye

Ɗanyen fure yana da tsada kuma zafinmu ba ya raga masa. Furen roba na haya ya fi sauƙi, amma a wanke shi da ruwan sabulu don yawanci da ƙurar bikin wasu yake zuwa. Wanda ya fi arha shi ne na takarda, ga shi kuma aiki ne da ƙannen amarya za su yi suna hira.

Ki sayi kwali mai laushi a shagon littattafai, da almakashi, da bindigar gam da sandunanta. Ki zana kunnen fure a kwalin indomi ki yanke, girma uku: babba tsayin tafin hannu da rabi, matsakaici tafin hannu, ƙarami rabinsa. Da su za a riƙa kwafa. Kowane fure yana cin manya shida, matsakaita shida, ƙanana biyar. A tsaga gindin kowane kunne kamar inci 2, a ɗora ɓari ɗaya kan ɗaya a manne, nan take zai lotsa ya yi ciki. A naɗe bakinsa a jikin biro ya lanƙwasa waje. A yanka kwali mai ƙarfi zagaye, faɗin bakin kofi, a jera manyan a gefensa, sai matsakaita a tsakankaninsu, sai ƙanana. Na tsakiya doguwar takarda ce da aka yi wa yanka-yanka a gefe ɗaya, a naɗe ta a manna. Ta baya a soka 'yar waya ta ratayewa. Gam ɗin yana ƙuna sosai, a ajiye kofin ruwan sanyi a kusa, kuma ba na yara ƙanana ba ne.

Furanni bakwai ko tara sun isa. A tara su a kusurwa ɗaya ta sama suna gangarowa, manya a tsakiya. In aka watsa su ko'ina a jikin labule sai su yi arha a ido.

Ganye kuwa kyauta ne. Ganyen turare yana jurewa ko ya bushe, ga ƙamshi. Ganyen mangwaro yana kai yamma in an yanko shi da safe aka tsoma gindin a ruwa. Na darbejiya yana saurin yaushi, a bar shi. Busasshiyar kaba in aka datse bakinta ta yi siffar mafici aka fesa mata fenti ruwan gwal, tana cika kusurwa da kyau, haka ma zangarniyar gero a cikin tulu. A yi fesa a waje tun saura kwana uku don warin ya fita. Ƙyasuwa tana da kyau a ido, amma tana zuba tana sa ƙaiƙayi, kada ta kusanci amarya ko abinci.

Mataki na bakwai: haske

Wuri mai ado kaɗan da haske mai kyau ya fi wuri mai ado da yawa a duhu. Ki sayi ƙwai masu hasken ruwan zuma, ba masu fari ƙal ba, kuma duk su zama iri ɗaya. Fitila kore da shuɗiya da mai walƙiya a bar wa mai kiɗa can gefensa, in suka faɗa fuskar amarya sun ɓata aikin mai kwalliya. Haske biyu masu ƙarfi su zo wa kujera ta gaba, dama da hagu, daga sama kaɗan. Ƙananan fitilun nan na zare a rataya su a jikin labule ta bayan shifon, ko a ja su daga bango zuwa bango a saman tsakar gida.

Fitilun ba sa cin wuta sosai. Ƙwai 20 masu wat 9 wat 180 ne kacal, ƙaramin janareta ya ɗauka. Amma a ba su layinsu daban da na lasifika da fanka, kuma mai gyaran wuta ne zai ja waya, wannan ba wurin tsimi ba ne. Kada a bar mahaɗar waya a ƙasa inda ruwa ko yaro zai kai, wadda ta ratsa hanya a rufe ta da kafet a manne. Janareta ya yi nisa da jama'a, a fili, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. A tanadi fitilun caji biyu a kusa da amarya saboda mintin da za a ɗauke wuta kafin a tayar da inji.

Kyandir mai wuta ban yarda da shi ba a wurin da ke cike da mayafi da shifon da yara. Akwai na batir. Kaskon turaren wuta ma a zagaya da shi kafin baƙi su shigo, sannan a ajiye shi nesa da labule.

Mataki na takwas: tebura da kujeru

Farar rigar tebur ta haya, sai a ratsa tsakiyarta da ƙyalle mai launi. Turmin atamfa ɗaya yadi 6 ne. In aka raba shi uku a tsaye, kowane tsiri aka yanka shi yadi bibbiyu, an sami guda tara, tebur tara ke nan. Tela ya kalmashe bakin.

A tsakiya a sa abu gajere wanda ba zai tare fuska ba: kwalba ko gwangwanin da aka naɗe da igiyar rama, da yashi a ciki don kada ya faɗi, da reshen ganye biyu, ko 'yar ƙwarya da dabino da alawa. Ki sa a ranki cewa za a tafi da su. Haka bikinmu yake, kafin a tashi wata ta sa a jaka. Saboda haka kayan aro masu daraja ba sa hawa teburin baƙi.

Kujerun roba a wanke su da omo, shi ne adonsu. Layin gaba kawai za a ɗaura wa ƙyalle. A bar hanya mai faɗi a tsakiya wadda amarya da ƙawa biyu za su jero, a ware wa iyaye da tsofaffi wuri kusa da gaba amma nesa da lasifika. In gidanku ana raba maza da mata, a tsara hakan tun a takarda, ba sai jama'a sun zauna a fara tayar da su ba.

Mataki na tara: ƙofa da ƙananan abubuwa

A ƙofa tukunyar shuka biyu ko tulu biyu da kaba, da allo ɗaya mai sunan ango da amarya. Wadda ta fi kowa iya rubutu ta rubuta a baƙin allo da alli, ko a jikin madubi da farar maka. A yayyafa ruwa a share gaban gida, a kawar da babura daga bakin ƙofa.

Akwai abubuwan da ba sa fitowa a hoto amma su baƙi ke tunawa: butoci da darduma a wuri mai tsabta don magariba za ta riski taro, sabulu da ruwa a banɗaki, kwandon shara a kowace kusurwa da yaro mai zagayawa da buhu, ruwan sha mai sanyi tun kafin abinci. Zoɓo yana jure zaman kula, kunun aya kuwa da sanyinsa ya tafi ya lalace, kada a fito da shi sai za a sha.

Kayan rabo a yi abu ɗaya mai amfani. Maficin kaba a lokacin zafi, ko 'yar kwalbar humra, ko ƙullin turaren wuta, ko alkaki da dubulan da cincin a farar leda da zare mai launin bikin. Sitika mai suna ta isa, mai buga kati zai jera da yawa a takarda ɗaya ku yanka da kanku. A ba mutum biyu masu tsare gida rabon, a bakin ƙofa lokacin fita, in ba haka ba na farko su ɗauki uku-uku na ƙarshe su tafi hannu rabbana.

Maganar liƙi kuma, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ki tanadi babbar ƙwarya ko faifai a gaban amarya a riƙa sakawa a ciki, da amintacciya ɗaya mai kwashewa. Ya fi tsabta, kuɗin ma ba sa bin ƙafar yara.

Mataki na goma: wa zai yi me, kuma yaushe

Saura mako huɗu a ga wuri, a yanke launi, a kama kayan haya. Saura uku a shiga kasuwa a kai wa tela. Saura biyu a zuba siminti a yi furanni. Saura mako ɗaya a haɗa firam ɗin gaba ɗaya a tsakar gida, da labule da fure da fitila, a kunna da daddare, wata ta zauna a kujerar a ɗauke ta hoto da waya. Duk abin da zai ba da matsala a nan zai nuna kansa, lokacin da akwai sauran damar komawa kasuwa. A ɗauki hoton yadda aka jera komai, shi za a bi ranar biki. A sa wa fayif lamba da maka, a zuba kayan kowane wuri a kwalinsa a rubuta a jiki: ƙofa, tebura, amarya.

Amarya ba ta cikin masu aiki, haka uwarta, haka babbar ƙawa, don ranar suna da abin da ya ishe su. Ki nemi mutum biyar da ba sa cikin masu shigowa da amarya, a ciki har da samari biyu masu hawa tsani. Kowa a gaya masa aikinsa da sunansa, kuma mutum ɗaya ce mai yanke magana. In kowace anti ta zo da ra'ayinta, a ce mata "to Anti, in sha Allahu," a ci gaba da abin da ke hoto.

Ranar a fara da shara da wanke kujeru, sai wuta, sai firam da labule, sai jera kujeru da tebura. Farin yadi da fure da ganye su ne na ƙarshe. Ki ƙudura gamawa saura awa biyu, don ke ma ki yi wanka ki shirya. Jakar aiki kada ta bar hannunki: almakashi, fil mai kulle, allura da zare, salatif, igiyar roba, filaya, sandunan gam, ƙwan fitila biyu, tsumma. A ciyar da masu aiki kafin a fara, ba a ce su jira abincin biki ba.

Kwashe kaya ma a ba shi masu shi tun kafin ranar, don da an tafi da amarya kowa zai watse ya bar ki da kujeru. Mutum uku su tsaya, da mota ko A-daidaita-sahun da aka riga aka yi ciniki da shi. A fara cire wuta, a ƙirga kayan haya a gaban mai su kafin ya loda, a tattara na aro bisa littafi da alamar jan farce. Yadin a wanke a ninke, yadi 12 na satin yana yin labulen ɗaki biyu. Fayif da bokitai a ɗaure su wuri ɗaya a ajiye a sito inda rana ba ta dukansu, don rana tana sa fayif ɗin roba ya yi gautsi, kuma kafin shekara ta zagayo wata a dangi za ta aiko neman su.